Mu Nawa Ne “Mu”?

Zuwa ga maigidana, inuwar gamjina, ruwan randata mai sanyi, tauraron da yake fito mini tun ina budurwa har yau da furfura ta soma leƙowa ta gefen ɗankwalina. Zuwa ga mai hannun da ke lanƙwasa ƙarfe amma bai taɓa ɗaguwa a kaina ba, baban 'ya'yana, rufin asirina, wanda ƙaurin hayaƙin waldarsa ya fi mini duk turaren da ke kasuwa. Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa take yi wa ruwan farko, irin wadda kurciya take yi wa reshen da ta saba sauka.

Kada ka yi dariya. Na san ka, yanzu haka ka ture gilashin walda saman goshinka kana juya takardar nan, kana duba ko an yi ɓatan kai. Ba a yi ba. Ni ce, kuma rubutuna ne, wanda ka saba gani a littattafan yara. Kashe injin nan, ka wanke hannu, ka koma bayan shago inda ba mai leƙa maka kafaɗa, ka karanta a tsanake har ƙarshe. Ba na son karatun tsallake. Na hana yara, kai ma na hana ka.

Me zai sa mace ta rubuta wa mijin da suke kwana ɗaki ɗaya, ta cusa takardar ƙarƙashin murfin kular abincinsa kamar 'yar makaranta? Gidanmu ne duk kunne. In na buɗe baki a falo, tagwaye na bayan kujera. In na ja ka kicin, Auta ya biyo mu da kofinsa. In mun rufo ƙofa, kafin in haɗa kalma biyu gajiyar ƙarfe ta danne ka, ni kuwa ba ni da zuciyar tashinka. Maganar da ke cikina ta kwana biyu tana zagaye kamar tsuntsun da ya faɗo ɗaki ya rasa taga. Yau na buɗe mata.

Ka tuna ranar da ka dawo daga gandun namun dajin nan, inda aka kira ka ka yi wa motar 'yan kallo shingen ƙarfe? Ka shigo da jar ƙasa har gira, ka tsaya a ƙofar kicin ina yanka albasa. Ka ce manajan wurin ya yaba aikinka, ya ba ka ɗaki na ƙarshen mako, har da shiga motar kallo. Sannan ka rage murya ka ce, “Mu je mu ga giwa ranar Asabar.”

Mu! Wayyo sanyin idona, ka san abin da 'yar kalmar nan ta yi mini? Harafi biyu ce kacal, ni kuwa da wautata na ɗauka kowane harafi mutum ɗaya ne, ɗaya kai, ɗaya ni. Zuciyata ta yi tsalle irin na ɗan maraƙin da aka kwance daga turke. Na ji iska ta shigo kicin ɗin nan da bai san iska ba. A fili dai na ɗaure fuska na ce, “Sai a duba,” don mace mai hankali ba ta rawar kai a gaban tukunya. Amma hawayen da ka gani a idona ba duka na albasa ba ne. Kana fita na shiga ɗaki, na tono zanen nan mai ɗigo-ɗigo daga ƙasan akwati, na shanya shi a bayan gida. Babbar 'yarka ta tambaye ni dalili, na ce warin ajiya yake yi, ta je ta nemi aikin yi.

Sai ga shi muna cin abinci ka share murya, ka dubi yara ɗaya bayan ɗaya, ka ce, “Albishirinku, za mu je ganin giwa!” Gida ya kaure da ihu. Tagwaye suka hau musu kan ko zaki na cin mutumin da ya yi wanka. Auta ya ce zai tafi da danƙonsa ya harbo mana ɓauna. Washegari ƙanwarka ta bugo waya tana cewa, “Haba Yaya, ai ba za a bar mu a baya ba,” ita da nata huɗun. Kafin in ankara an shiga zancen ɗaukar bas ɗin maƙwabcinmu direba, da tabarmin da za a shimfiɗa a ɗakin da aka ba mutum biyu, da wace tukunya za ta ishi jama'a. “Mu” ɗin da na rungume ta kumbura a hannuna kamar burodin da ya faɗa cikin shayi, har ta fi ƙarfin ɗauka, ta dagargaje.

Na daure na tambaye ka, kana ɗaura takalmi, na ce, “Ashe da yara za a?” Ka ɗago kai da idon nan naka mai tsabta, wanda bai iya mugunta ba, ka ce, “Haba Hukuma, wa ya isa ya raba kaza da 'ya'yanta? Ai ko a mafarki ban soma ba, kada in sha wa'azi.” Ka yi dariya ka fita. Ni kuwa na tsaya riƙe da tsintsiya, na ji kamar an turo ƙyaure an danna kwaɗo, kuma da na duba sai na ga mabuɗin irin nawa ne.

Hukuma. Haka yara suke kirana a bayan idona, kai kuma a gaban idona. “Hukuma ta hana.” “A tambayi Hukuma.” “Ku yi shiru, ga Hukuma nan.” Ban ƙi sunan ba, don gidan da babu hukuma kango ne. Ni na ce ba a shan ruwa a tsaye, ba a kallon talabijin sai an gama aikin makaranta, ba a amsa wa babba da “eh” tsirara. Ni na ce uwa ba ta kwana a wani wuri 'ya'yanta na wani wuri. Na faɗa, na nanata, har ya zama karatu a bakin yara. Kuma ka ji da kyau, ban janye ko ɗaya ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Kalli 'ya'yanka, ka nuna mini wanda ya lalace! Sai dai, hasken raina, maganar da aka yi lokacin da Auta yake goye, tagwaye na tatata, ita za a ɗaure ni da ita yau da babbarsu ta isa riƙe gida, Autan ma yana wanke kayansa da kansa? Rigar da aka ɗinka wa jariri ita za a tilasta wa saurayi? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na sani. Amma wanda yake son tsuntsun ba ya tsayawa kallo, laima yake kawowa.

Ka san tagar kicin ɗina, ai kai ka yi mata ƙarafa. Da ka kafa su da farko na ce sun yi faɗi, kan yaro zai iya shiga, ka cire ka sake. Ka sake na ce hannu zai iya wucewa, ka ƙara rodi a tsakani, kana gunaguni kana cewa ko gidan yari bai kai haka ba. Aikinka mai kyau ne, babu ɓarawon da ya taɓa gwada su. To a bayansu nake wuni. Ta cikinsu nake ganin bangon maƙwabta, da igiyar shanya, da wani ɗan yankin sama da bai fi faifai ba. Da yamma balbelu sukan ratsa ta wurin, farare tas, a jere, ba mai tambayarsu ina za su. Nakan bi su da ido daga wannan rodi zuwa wancan, kafin in ƙirga su bango ya haɗiye su. Sai in koma kan wanke-wanke. Daga kicin zuwa igiya, daga igiya zuwa bakin ƙofa in leƙa ko yara sun dawo, daga nan in koma kicin. Akuyar da ke turke ma takan samu a sauya mata wuri in ciyawar ta ƙare. Ba ƙorafi nake yi ba, mace ta gari ba ta raina gidanta. Ina dai gaya maka inda ɗakin yake yoyo, tunda mai ɗaki shi ya sani.

Bari in tuna maka wata rana, ko ƙarfe bai cinye maka ita ba. Shekarar farko ta aurenmu, ba mu da komai sai katifa da babur ɗin nan naka. Ka ɗauke ni za mu gaida wani abokinka, muka bi hanyar da ta ratsa gefen dajin nan. An ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na ƙamshi, ganye na ɗiga, rana ta leƙo kamar mai jin kunya. Ina sanye da zanen nan mai ɗigo-ɗigo, na zauna a karkace, na riƙe ƙarfen baya don kada a ce na riƙe namiji a titi. Kwatsam garken zabi suka ɓullo daga ciyawa suka tsallaka hanya. Ka taka birki, goshina ya bugi bayanka, na ƙwala ihun da ya fi nasu. Suka tashi fir, suka watsu cikin itatuwa. Ka kashe babur kana dariya har da hawaye, ka ce, “Ga 'yan'uwanki can sun tafi sun bar ki, Zabuwa. Kaya iri ɗaya, baki iri ɗaya.” Na yi fushi na ce ka mayar da ni gida. Amma goshin nan da ya sauka a bayanka, ka lura ban ɗauke shi ba har muka isa? Ina jin bugun zuciyarka ta cikin riga, iska na kaɗa mini mayafi, duniya ta buɗe gabas da yamma babu bango ko ɗaya. Rabona da faɗin sama irin na ranar, wallahi na manta.

Shekaru kana kirana Zabuwa in mun keɓe. Ka san ranar da ka daina? Ni na sani. Ranar da matar mai kantin magani ta bar 'ya'yanta wurin 'yar aiki ta bi mijinta yawon shaƙatawa, ƙaramin na zazzaɓi. Na tsaya a tsakar gida na ce wannan ba uwa ba ce, zabuwa ce, ta yi ƙwai ta bar wa kaza wahala. Kana bakin famfo kana wanke fuska, na ga hannunka ya tsaya. Tun daga ranar sunan ya mutu a bakinka, Hukuma ta gaje shi. Kai kuma da ka iya gane ƙarfe mai kyau daga ƙararsa, ka kasa gane cewa zabuwa biyu ce? Akwai wadda na zaga, akwai wadda ka raɗa wa suna a gefen daji da ƙamshin ruwa a jikinta. Ta biyun ba ta yi laifin komai ba. Tana nan. An rufe ta a keji ne, ta yi shiru, amma ɗigon jikinta bai goge ba.

Yanzu ka zauna ka auna mini tafiyar nan da bas. Wa zai tashi tun duhu ya dafa abincin rundunar? Wa zai ƙirga kawuna a tasha, ya ƙirga a ƙofar gandu, ya sake ƙirgawa bayan kowane fitsari? In mun shiga motar kallo, cikin shingen da ka yi da hannunka, me kake tsammani zan gani? Ƙeyar yara zan gani. “Mayar da hannunka ciki!” “Sauko daga nan!” “Wa ya ba biri biskit?” Giwa za ta zo ta wuce da girmanta, kowa ya gan ta, ni ina neman takalmin Auta a ƙarƙashin kujera. Namun daji na yawo a sake, ni an ɗauko ni da kejina an kawo musu su yi kallo. Gwanki zai ɗaga kai ya ce wa matarsa, zo ki ga wata halitta, ba ta kiwo, ba ta hutawa, sai tsawa. A dawo gida a tambaye ni ya daji, in ce lafiya lau, alhali ban bar kicin ɗina ba, tayoyi kawai aka sa masa.

To, ka auna ta da mutum biyu. Mu fita Asabar da sanyin safiya, kafin titi ya cika. Jaka ɗaya ta ishe mu. Mu isa kafin rana ta yi zafi, mu ajiye kaya, in zauna a bakin ɗakin in sha shayin da ba ni na dafa ba. Da yamma, lokacin da ka ce dabbobi na saukowa shan ruwa, mu shiga motar, ka nuna mini inda ka yi kowane haɗi a shingen, in yaba maka, don ban taɓa ganin aikinka a wajen gida ba. In giwa ta fito, in gan ta da idona biyu, tun daga haure har wutsiya, ba mai jan zanena. In dorina ta yi hamma in ji tsoro, kuma in samu wanda zan riƙe, ni da kullum ake riƙewa. In ga gauraka da tukkunta, in ga barewa ta tsallake ciyawa kamar ba ta da nauyi, in ga inda sama take taɓa ƙasa ba tare da rodi ya raba mini ita gida-gida ba. In Allah ya sa zabi suka tsallaka mana hanya, ka juyo ka dube ni. Ba sai ka ce komai ba. Kai, a'a, ka ce! Lahadi da la'asar muna gida, kafin a guga kayan makaranta.

Kada ka ɗauka na saki ragama. Ƙanwarka za ta zo ta kwana da yara, tunda dama ta ware ranakun, babbar 'yarka kuma ta san inda komai yake, ni na koya mata. In an yi hutun makaranta a ɗauki bas ɗin a kai su duka, har da na ƙanwar taka, ni da kaina zan dafa, zan ƙirga kawuna ba tare da na yi tsaki ba. Alkawari ne, kuma ka san ba na alkawarin banza. Kai ma akwai naka sharuɗɗan. Ba sauka daga mota don ɗaukar hoto. Ba miƙa wa biri abinci. Maganin hawan jininka a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar, shi ya sa na ɗauki biro. Ba zan iya faɗa da bakina ba. In na tsaya a gaban yaran nan na ce ina so in tafi in bar su, tagwaye za su maimaita mini karatuna kalma bayan kalma, babbarsu ta sunkuyar da kai tana murmushi, daga ranar kuma duk dokar da na kafa ta zama abin wasa. Katangar da na gina ta fi ƙarfin in tsallake ta daga ciki. Sai an zo daga waje. Kuma ban yarda ka yi ƙarya ba. Kada ka ce bas ta lalace, kada ka ce an hana yara shiga. Gidan da uba ke ƙarya, 'ya'ya rantsuwa suke koya.

Ga abin da za ka yi. Kada ka je wurin direba. Babur ɗinmu na nan a lungun shagonka ƙarƙashin tamfol, na gan shi, ƙura ce kawai da tayar baya. Mutumin da ya yi wa motar daji shinge ba zai gagara tayar da shi ba. Ka gyara shi, ka hawo shi zuwa gida ranar Juma'a, ka ce wa yara hutu na zuwa kuma nasu na nan, amma wannan karon da babur za a. Daga nan ka yi shiru. A cikin duk dokokina, wace ce suka fi haddacewa? Wace ce na sa tagwaye suka rubuta a takarda ranar da na kama su sun hau bayan ɗan acaba su biyu? Ba a hawa babur mutum uku. Su da kansu za su faɗa. Za su juyo su dube ni ko Hukuma za ta sassauta, ni kuwa ka san ban taɓa sassautawa ba. Zan ɗaure fuska in ce, “Doka doka ce. Babanku kuma ba zai yi doguwar tafiya shi kaɗai da ciwonsa ba, dole wani babba ya bi shi.” Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sau ɗaya dai a rayuwata, ƙarfen da na sa aka kafa ya zama ƙofa.

In kuwa ka ga abin bai dace ba, ko ka ji nauyin ƙanwarka, ba zan yi maka rigima ba. Zan tashi in dafa, in ƙirga kawuna, in nemo takalmin Auta. Zan ninke zanen in mayar ƙasan akwati, ba za ka sake jin maganar nan daga gare ni ba, a baki ko a takarda. Za ka ci gaba da samun Hukuma, mai gaskiya, mai tsare maka gida har ƙarshen numfashinta. Ɗayar ce dai ban san ko za ta ƙara jure wani rufin ba.

Ranar Juma'a da yamma ina bakin tagar kicin, lokacin wucewar balbelu. Ba zan ga titi ba, ka san bango ya tare. Kunne zan kasa. Na san ƙarar bas ɗin direba, na kuma san tarin tsohon babur ɗin nan ko cikin dubu. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gida, shi ne amsarka, shi zai gaya mini mu nawa ne “mu”.

Ko wanne ka zaɓa, ni taka ce, ya bangon jinginata, ya ruwan da nake sha in ƙoshi. Taka ce tun goshina bai san bayanka ba, taka ce har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Haɗin da ke tsakanina da kai ya fi duk wanda ka taɓa yi da wuta, ba ya tsatsa, ba ya ɓallewa, ko giwa ta jingina da shi.

Matarka, uwar 'ya'yanka, mai jiranka a bayan ƙarafan da ka yi,

Zabuwa.

In ka gama karantawa ka sa wa takardar nan wutar walda, kada ta faɗa hannun yara. Ka cinye abincinka tun da zafi. Kuma ka biya kasuwa ka sayo hular kwano, don ban yarda a hau babur da kai a buɗe ba. Guda biyu.